Bayan Hadari Ya Wuce: Abin da Ke Zaftaro Dusar Ƙanƙara Daga Tsauni

 Wannan shi ne bayanin da muka yi a shirinmu na daren Laraba. Na rubuta shi da ɗan ƙari saboda waɗanda rediyonsu bai kama ba.

Abin da ya jawo maganar saƙon murya ne da wani direba ya aiko mana. Ya ce duk shekara in sanyi ya shigo sai ya ji a labaran duniya wai dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne motoci a wata ƙasa, alhali shi abin da yake gani a waya wani abu ne fari kamar auduga, yara na wasa da shi. Ya ce, "Don Allah, ta yaya auduga za ta kashe mutum arba'in?" Bayan shi wani dattijo makiyayi ya bugo, ya ce ɗansa yana Italiya, kuma ya ji ana cewa samari na tsallaka dutse da ƙafa zuwa Faransa cikin hunturu, shin abin da haɗari? To Baba, da haɗari, kuma zan zo kan wannan. Amma bari mu fara da arba'in ɗin direba, don bai yi ƙari ba.

Ranar 4 ga Fabrairun 2020, a lardin Van da ke gabashin Turkiyya, kusa da iyakar Iran, dusar ƙanƙara ta zaftaro kan hanyar da ke zuwa garin Bahcesaray. Hanya ce da ke hawa tsauni har kusan mita 3,000 kafin ta gangara. Ta rufe wata ƙaramar bas ta fasinja da wata motar share hanya. Mutum 5 suka rasu, aka ciro wasu da rai, saura biyu ba a gan su ba. Washegari kimanin mutum 300 suka taru a wurin suna nema: jandarmomi, 'yan kwana-kwana, masu tsaron ƙauyuka, ma'aikatan agaji da mutanen gari. Wajen tsakar rana ta biyu ta sauko a kansu, a wannan wurin dai. Da aka gama ƙirga, mamatan sun haura 40, kuma mafi yawansu waɗanda suka zo ceto ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Don a gane yadda haka ke faruwa, sai an san yadda abin yake kwance a kan dutse tun kafin ya motsa.

Ƙanƙarar da muka sani a nan ita ce ta damina, mai faɗowa kamar tsakuwa tana huda ganyen gero. Waccan daban ce, kuma wanda ya raɗa mata "dusa" ya iya raɗa suna. Sabuwarta, in ta sauka babu iska, kashi tara cikin goma nata iska ce kawai. In ka cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, nauyinta kilo 100 ne ko ƙasa da haka, wato buhun masara guda. Har nan direbanmu yana da gaskiya. Amma in ta kwana biyu ta zauna, ko iska ta daddaka ta ta danne, wannan akwatin zai kai kilo 200 zuwa 300. Yanzu mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Ɗauki gefen tsauni mai faɗin hekta ɗaya, mita 100 sau mita 100, dusar da ke kansa kaurinta rabin mita, a kilo 200. Ton 1,000 ke nan. Lodin tirela fiye da 30, kuma duk za su taso ne a lokaci guda.

Abu na biyu, kuma nan ne gindin maganar: dusar da ke kan tsauni ba dunƙule ɗaya ba ce. Hawa-hawa take. Kowane hadari in ya zo yana shimfiɗa nasa a kan na baya, kuma tsakanin hadari da hadari rana ta taɓa saman, iska ta taɓa shi, sanyin dare ya taɓa shi. In ka haƙa rami ka dubi bangonsa za ka ga tarihin hunturun gaba ɗaya, layi bisa layi. Wasu layukan sun manne da juna. Wasu ba su manne ba. Mai tsaye a sama ba ya ganin ko ɗaya, fari kawai yake gani sumul.

Layin da ke kawo matsala yakan samu ta hanyoyi kaɗan. Akwai raɓa. In dare ya yi sanyi ƙwarai, sama a washe, babu iska, raɓa na daskarewa a saman dusar ta zama wasu 'yan fukafukai sirara a tsaitsaye, masu ƙyalli da safe. In hadari ya zo ya binne su a haka ba tare da iska ta kwantar da su ba, to duk abin da ya sauka a kai yana zaune ne a kan waɗannan fukafukan. Akwai kuma ɓawo: rana ko ruwan sama ya narkar da saman, dare ya daskarar da shi, ya yi santsi, sabuwar dusa ta sauka a kai ta rasa makama.

Wanda ya fi ba ni mamaki lokacin da nake shirya bayanin nan shi ne na uku. Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa takan tsaya kusa da digiri sifili duk hunturu, ko da iskar waje ta kai digiri 20 ƙasa da sifili. Wato ƙasa ta fi sama ɗumi. Saboda haka tururin ruwa yana ta tasowa a hankali daga ƙasa zuwa sama ta cikin dusar, yana sauya surar ƙwayoyinta. Suna girma, suna yin kusurwa, suna daina riƙe juna, har su koma kamar sukari: in ka damƙa a hannu ba ya dunƙuluwa, zubewa yake. Masana sun auna cewa abin yana kankama in bambancin sanyi ya kai kimanin digiri 10 a cikin kaurin mita ɗaya. Ka ga ke nan, siririyar dusa ta farkon hunturu wadda sanyi mai tsanani ya biyo bayanta ta fi saurin komawa sukari. Shekarar da aka fara da dusa kaɗan, mutane na cewa bana da sauƙi, ita ce sau da yawa ake gina hunturun a kan ruɓaɓɓen tushe. Irin wannan layin yana iya zama a binne makonni, har watanni, bai warke ba.

Na ba da misali a rediyo, bari in maimaita. Ka shanya gero a kan dandamalin siminti mai gangare. Ka ɗauko katifa ka shimfiɗa a kai. Katifar za ta zauna lafiya, ka zo gobe ka same ta a nan. Yanzu taka ta. Katifar ita ce sabuwar dusar da ta haɗe ta zama falle ɗaya, geron shi ne layi mai rauni, simintin kuma tsohuwar dusar ƙasa. Wannan irin zaftarewa, ta falle, ita ke kashe mafi yawan mutane. Akwai wata mai farawa daga wuri guda tana faɗaɗa kamar yashi in ya zubo daga tsibi, amma ita yawanci ƙarama ce.

Yadda fallen ke tsinkewa shi ne abin tsoro. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya murƙushe layin nan mai rauni a daidai ƙarƙashin ƙafarsa. Wurin da ya murƙushe sai ya jefa nauyinsa kan na kusa da shi, wannan ma ya murƙushe, tsagar ta ruga ta ƙarƙashi, tana iya cin ɗaruruwan mita cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sai fallen ya yanke a can sama da mutum, ba a gabansa ba, ya taho da shi a tsakiya. Busasshen falle yana kai gudun kilomita 130 a awa cikin 'yan daƙiƙoƙi, manya kuma masu tayar da farin ƙura suna wuce haka nesa. Har ma akan samu mutum na tafiya a fili a gindin dutse, tsagar ta tashi daga ƙafarsa ta hau gangaren ta sako masa abin da ke sama. Af, maganar da ake yi wai ihu ko tari yana tayar da ita, wannan ta finafinai ce. Muryar mutum ba ta da wannan ƙarfin. Nauyi ke yi, ko nakiya.

Sai iska. Nan 'yan'uwanmu masu kiwon raƙuma a arewa ba sa bukatar dogon bayani, don sun san yadda tudun rairayi ke tafiya: iska na kwasa daga gefen da take bugawa, ta haura da shi, ta zube a bayan tudun inda babu bugu. Haka take yi da dusa. Tana share fuskar dutse ɗaya har duwatsu su bayyana, ta jibge komai a ɗaya fuskar, kuma a hanya tana farfasa ƙwayoyin su yi ƙanana su cushe, su zama ainihin katifar da muka ce. Iska na iya tara dusa a gangare ninki da yawa fiye da yadda sama ke zubar da ita. Shi ya sa ko ba a yi sabon hadari ba, daren iska ɗaya ya isa ya mayar da gangaren da aka bi jiya lafiya ya zama tarko yau. A kan tozon dutsen kuma tana gina wani leɓe da ke leƙowa kan fanko. Wanda ya taka shi yana zaton ƙasa ce ya tafi, kuma in leɓen ya karye ya faɗa kan gangaren da ke ƙasa, shi ma yana tayar da falle.

Ba kowane gangare ke zaftarewa ba. Yawancinsu suna farawa ne a gangare mai digiri 30 zuwa 45, an fi samu wajen 35 zuwa 40. Bayan tudun rairayi, wancan gefen da raƙumi ke ƙin sauka kai tsaye, kimanin digiri 33 ko 34 ne, to ku kwatanta. Ƙasa da 30 da wuya falle ya zame. Wanda ya miƙe ƙwarai kuma dusa ba ta samun zama ta taru, kullum tana zubewa kaɗan-kaɗan. Amma ga inda matafiyi ke ruɗuwa: ba wurin da kake tsaye kaɗai ake dubawa ba, har da abin da ke samanka. Hanyar mota a kwance take, amma in an sassaƙa ta a ƙugun dutse, duk abin da ke sama kanta zai sauka. Mafi muni kwazazzabo, don yana tattara dusar wuri ɗaya ya binne mutum da zurfi. Mai kiwo da ya san ba a kwana a cikin ƙorama ko da sama a washe take, saboda ruwan da aka yi a wani wuri can nesa, ya riga ya san rabin wannan karatun.

To me ya sa muka ce bayan hadari? Saboda sabuwar dusa lodi ce da aka ɗora farat ɗaya, kuma na ƙasa yana bukatar lokaci kafin ya saba da ita. Yawancin zaftarewar da ke tasowa da kanta tana faruwa ne ana cikin hadarin, ko cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan ya ɗauke. Wani jagoran hawan dutse ɗan Suwizalan, Werner Munter, ya yi ƙiyasin da ake koyarwa har yau: in yanayi ya yi kyau, wato iska kaɗan kuma ba sanyi mai tsanani, sai sabuwar dusa ta kai santimita 30 zuwa 50 kafin a ce ta kai haddi. In kuwa da iska mai ƙarfi, da tsananin sanyi, ga saman tsohuwar da santsi, santimita 10 zuwa 20 ta isa. Bai kai taƙi ɗaya ba fa. Bayan nan dusar na zaunawa, ƙwayoyinta na ɗinkewa. In sanyin kusa da sifili ne abin na sauri. In sanyi ya yi tsanani yana jan kwanaki, musamman a fuskar dutsen da rana ba ta samu, wadda a waɗancan ƙasashen ita ce mai kallon arewa. In kuwa akwai sukarin nan a ƙasa, to kwana biyu ba su ce komai ba.

Ranar farko da gari ya waye tas, rana na haskawa, dutse fari fat babu sawun kowa, ita ce ranar da ta fi cin mutane. Sanadin rabi na dusa ne, rabi namu ne. Dusar ba ta gama zama ba, ga rana ta fara taɓa ta. Mutane kuma sun yi kwana uku a tsare. Mai wasan zamiya yana son ya riga kowa. Direba kayansa na lalacewa, mai kaya na ta kira. Mai dabbobi ciyawarsa ta ƙare. Wanda ya taɓa kwana uku a bakin iyaka yana jiran a ɗaga shinge ya san yadda ake rububin fita in an buɗe, kuma ya san a wannan lokacin ba wanda ke son jin kalmar "dakata". Ni a ganina wannan shi ne wuri mafi wuya a duk ilimin nan, domin ido yana cewa an gama, alhali abin da ke ƙarƙashi bai sauya ba.

Afganistan ta ga irin wannan a hanyarta mafi muhimmanci. Mashigar Salang ce ke haɗa Kabul da arewacin ƙasar, ta nan kayan da ke shigowa daga iyakokin Uzbekistan da Tajikistan ke bi. Tarayyar Sobiyet ta huda dutsen ta yi ramin mota mai tsawon kimanin kilomita 2.6, a bisa kusan mita 3,400, aka buɗe shi a 1964. A ranakun 8 da 9 ga Fabrairun 2010, cikin hadari mai iska, zaftarewa ta yi ta saukowa bi da bi a kan hanyar. Fiye da mutum 160 suka rasu, fiye da 2,000 suka maƙale. Direbobi, ku lura da yadda irin wannan ke aukuwa a hanyar dutse: ta farko ta tare gaba, motoci su yi jerin gwano su tsaya cak, kuma inda suka tsaya ɗin ƙarƙashin wasu gangarorin ne da ba su sauke nasu lodin ba tukuna. Motar da dusa ta rufe kuma, in aka bar injinta a kunne don ɗumi, hayaƙin na komawa ciki ya kashe na ciki.

Dutsen yakan ba da alama, ga mai lura. Babbar alama ita ce ganin sabuwar zaftarewa a wani gangare mai kama da wanda za ka bi, mai kallon ɓangare ɗaya, mai tsayi ɗaya. Sai tsaga da ke gudu daga ƙafarka in ka taka. Sai wani sauti da ake ji daga ƙarƙashi, "wuf", tare da jin ƙasa ta ɗan nutse: layin nan ne ya murƙushe, iskar cikinsa ta fita. Wanda ya ji wannan a fili ya gode wa Allah da ba a gangare ya ji ba. Sai ganin iska na tayar da farin ƙura a kan tozo, sai kuma ɗumi na farat ɗaya ko ruwan sama a kan dusa. Amma rashin alama ba shaidar lafiya ba ne, musamman in layin mai rauni yana da zurfi. Mutum tara na iya wucewa lafiya, na goma ya taka inda fallen ya yi siriri.

Ƙasashen da ke kan tsaunukan Alp sun mayar da abin aikin hukuma. A Suwizalan akwai cibiyar binciken dusa da zaftarewa a garin Davos, wadda aikinta ya faro tun 1936, kuma cikin hunturu tana fitar da sanarwa safe da yamma, kamar yadda muke karanta muku farashin kasuwa. Tun 1993 ƙasashen Turai suka yarda da ma'auni ɗaya mai hawa biyar, daga 1, haɗari kaɗan, zuwa 5, mafi tsanani. Za ku zaci a 5 aka fi mutuwa. A'a. Kusan rabin mace-macen a hawa na 3 suke faruwa. A 4 da 5 akan rufe wasu hanyoyi, yawancin mutane na gida. Lamba 3 kuwa tana tsakiya, sai mutum ya ce ai da dama-dama, ya fita. Duk da wannan tsari, tsaunukan Alp na cin kimanin mutum 100 a shekara, kuma cikin masu shiga dawa da ƙafa ko da katakon zamiya, kusan tara cikin goma su ne suka tayar da abin da ya binne su, ko wani abokin tafiyarsu.

Yanzu tambayar direba kai tsaye: ta yaya take kisa? Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu buguwa ce, da itace ko dutse. Sauran shaƙewa. Dusar da ta yi gudu, da zarar ta tsaya sai ta cushe ta ƙame kamar siminti. Wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa, sau da yawa bai ma san ina ne sama ba. Bakinsa na iya cika da dusa. In ma akwai ɗan sarari, iskar da yake fitarwa ita yake sake shaƙa, ɗumin numfashinsa kuma yana narkar da na gaban fuskarsa ya daskare ya toshe. Wani bincike da aka buga a 1994 daga alƙaluman Suwizalan ya nuna cewa cikin waɗanda aka binne gaba ɗaya, fiye da 90 cikin 100 na da rai in an ciro su cikin minti 15. Zuwa minti 35 saura kimanin 30 cikin 100. Jirgin agaji da karnuka da wuya su iso cikin wannan lokacin. Abokin tafiyarka ne zai ciro ka, ko ba kowa.

Shi ya sa masu shiga dutse a can ke ɗaukar abu uku: shebur, doguwar sanda mai naɗewa ta tsokano mutum, da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙirji. Wannan ta ƙarshe ta burge ni a matsayina na ma'aikacin rediyo, don ita ma ƙaramar tasha ce. Tana watsa sigina a kan kilohaz 457, ɗan ƙasa da inda matsakaicin zango ya fara a akwatinku. In an binne ɗaya, sauran su juya nasu zuwa karɓa su bi sautin. Samun wurin ma shi ne mai sauƙi. Ciro mutumin da ke zurfin mita ɗaya yana bukatar kwashe dusa fiye da ton guda. Kuma saboda a samu mai haƙa, ba a ratsa gangare mai shakka a cunkushe: ɗaya ya wuce, saura na kallonsa daga wuri mai aminci, sannan na biyu.

Mu koma Van. Ƙa'idar farko da ake koya wa masu ceto ita ce su ɗaga kai kafin su sunkuya. Zaftarewar farko ba lalle ta kwashe komai ba. Gefenta da samanta na iya zama a rataye, an cire musu abin jingina, iska kuma na ci gaba da ƙara lodi. Don haka akan sa mai gadi da zai yi ta kallon sama, a tanadi hanyar gudu, a shigar da mutane kaɗan, wani lokaci ma a fara jefa nakiya a sauke abin da ya rage kafin kowa ya shiga. Faɗar wannan a ɗakin watsa shiri da sauƙi. Ni dai ba zan ga laifin mutumin ƙauyen da ya ɗauki shebur ya ruga don maƙwabcinsa na ƙarƙashi ba, ko a nan rijiya ta rufta da mutum haka muke yi, kuma mun san sau nawa rijiyar ke haɗawa da na biyu. Nauyin cewa "ku tsaya" yana kan masu jagorancin aikin ne.

Masu sana'a irin taku a waɗancan ƙasashen da wannan suke rayuwa. A Kashmir, makiyayan Gujjar da Bakarwal na haura tsaunukan Pir Panjal da awaki da tumaki in sanyi ya fara ja da baya, su sauko kafin ya dawo. A lokacin hawan, haɗarin wani iri ne: rana na jiƙa dusar, ruwa na ratsa ta, da rana tsaka sai ta saki ta taho a jiƙe, ba sauri sosai amma da nauyin tsiya. Maganinta sammako, a wuce tun daskarewar dare na riƙe da ita. Hadarin da ya zo ba a lokacinsa ba kuma shi ke ritsa mutane a sama. A Oktoban 2014 ragowar guguwar Hudhud ta zubar da dusa mai yawa a yankin Annapurna na Nepal, a watan da aka saba da sama a washe, fiye da mutum 40 suka rasu, cikinsu har da makiyaya. A iyakar Iran da Iraƙi kuma akwai Kurdawa 'yan dako da ake kira kolbar, masu goya kaya a baya su tsallaka dutse ta ɓarauniyar hanya. Da yake gudun masu tsaron iyaka suke, ba su ke zaɓar lokaci ko hanya ba, kuma zaftarewa ta sha binne su. Can a Suwizalan, mutanen ƙauyen Andamat tun 1397 suka rubuta dokar hana sare ko ɗibar itace a kurmin da ke saman gidajensu, don itatuwa masu kauri na riƙe dusa tun a inda take farawa. Kurmin yana nan har yau.

To Baba, ga amsar taka. Hanyar da kake ji ana faɗa gaskiya ce. Tun wajen 2017 samari da yawa daga Afirka ta Yamma suka riƙa tashi daga garin Bardonekiya na Italiya su haura mashigar Eshel, mai tsayin mita 1,762, ko wata mashigar kusa da ita, zuwa Biriyanson a Faransa. Hanyar motar Eshel rufe ta ake yi duk hunturu. Abin da ya fi cin mutane a can sanyi ne da ɓatan hanya da faɗawa, wasu sun rasa yatsun hannu da na ƙafa, an kuma tsinci gawa bayan dusa ta narke. Haɗarin zaftarewa yana kan wannan duka, kuma yana ƙaruwa ne daidai ga wanda ya bar hanya ya shiga gangare da kwazazzabo cikin dare don kada a gan shi, da takalmin ƙwallo, ba shebur, ba na'ura, bai san lambar da aka sanar a ranar ba. In ɗanka ya kira, ka faɗa masa hasken rana bayan hadari ba izinin tafiya ba ne, ka faɗa masa lamba 3 ma tana kisa. Lambar neman agaji a Italiya da Faransa duka 112 ce, kyauta ake kiranta, kuma masu ceton dutse suna fita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu dawo gida kan maganar allurar ciwon huhun shanu kafin a tsallaka iyaka. Masu tambaya su aiko da saƙon murya kafin daren Talata.